Waiwaye: Haki Ba Ya Shiga Sai Ya Ga Gurbi

Daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, idan zafi ya fara sauka a jihohin arewacin Amurka, kantunan kayan lambu kan cika da magidanta. Wannan ya saɓi buhun iri, wancan ya ɗauki buhun taki, wani kuma ya zo hayar injin huda ƙasa. Ba masara za su shuka ba, ba kuma harawa za su tanadar wa dabbobi ba. Ciyawa za su shuka a ƙofar gida, su yi mata ban ruwa, su ba ta taki, in ta taso su aske ta. A can, filin ciyawar da ke gaban gidan mutum shi ne mutuncinsa a unguwa. Wanda ya bari haki ya cinye nasa, maƙwabta za su riƙa yi masa kallon malalaci, a garuruwa da dama ma hukuma tana iya cin tararsa idan ya bar wurin ya zama sunƙuru.

Mu da muka taso muka ga ana share tsakar gida ƙal, ana tuge duk tsiron da ya leƙo don gudun maciji da sauro, muna iya cewa wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. To, ko ma aikin wane ne, mutanen nan sun shafe kusan shekara 200 suna kokawa da tambayar da manomin gero ma ya san ta: idan haki ya mamaye fili, mene ne abin yi? Amsar da suka fara bayarwa ta ci musu kuɗi, ta ci ruwa, ta ɓata tafkuna. Amsar da suka dawo gare ta daga baya ita ce dalilin waiwayenmu na yau.

Al'adar ta samo asali ne daga gidajen masu sarauta da attajiran Ingila da Faransa a ƙarni na 17 da na 18. Mutum ya bar makeken fili a gaban gidansa ba ya noma komai a ciki, wannan shela ce cewa yana da ƙasar da ba ya bukatar ci daga gare ta. Barori ne ke yanke ciyawar da dogayen laujuna, ko a saki tumaki su yi aikin. Talaka ba shi da barori, ba shi da filin asara. Abin ya sauya a 1830, lokacin da wani injiniya mai suna Edwin Budding, daga yankin Stroud a yammacin Ingila, ya lura da injin da masaƙu ke daidaita gashin yadin ulu da shi, ya ƙera makamancinsa don yankan ciyawa. Daga nan mai matsakaicin hali ma ya samu shiga.

A Amurka kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne abin ya zama ruwan dare. Tsakanin 1947 da 1951, kamfanin iyalan Levitt ya gina gidaje fiye da 17,000 a kan tsofaffin gonakin dankali a Long Island da ke jihar New York, aka sa wa garin suna Levittown. Kowane gida da filin ciyawarsa, kuma a cikin takardar yarjejeniya an rubuta wa mazauna cewa dole su yanke ta sau ɗaya a mako daga Afrilu zuwa Nuwamba. Sauran masu gina unguwanni suka bi sahu. A 2005, wani bincike da hukumar NASA ta ɗauki nauyinsa ya ƙiyasta cewa ciyawar ado ta rufe kimanin hekta miliyan 16 a Amurka, ninki uku na faɗin gonakin masarar da ake yi wa ban ruwa a ƙasar.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, filayen farko ba ciyawa zalla ba ce a cikinsu. Har zuwa shekarun 1940, idan ka sayi buhun irin ciyawa mai kyau, za ka tarar an gauraya shi da irin wani ɗan tsiro mai ganye uku-uku da farin fure, wanda ake kira kuloba. Ɗan uwan wake ne da gyaɗa. Idan ka tuge shi ka karkaɗe ƙasar da ke jikin saiwarsa, za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle ƙanana sun jeru a jiki. Fasa ɗaya da farce, cikinsa jaja-jaja ne. A nan wasu ƙwayoyin halitta ke zaune, suna zuƙo sinadarin naitirojin daga iska suna mayar da shi abincin tsiro. Kuloba na ci, ciyawar da ke kewaye da shi ma tana samu. Shi ne dai dalilin da ya sa kakanninmu ke shuka wake a tsakanin gero. Wato filin yana ɗauke da mai yi masa taki a cikinsa, kyauta.

Sai aka samu magani. A lokacin yaƙin, masana a Ingila da Amurka sun gano wani sinadari da aka sa wa suna 2,4-D, ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1940. Aikinsa abin al'ajabi ne a wancan zamani: yana kwaikwayon sinadarin da ke sa tsiro girma, sai mai faɗin ganye ya yi ta girma ba tsari, ya murɗe, ya mutu, ita kuwa ciyawa mai siririn ganye ba abin da ya same ta. Manoman alkama da masara sun ci moriyarsa ƙwarai. Masu filayen ado ma suka rungume shi, ba da jimawa ba aka fara sayar da shi gauraye da taki a buhu ɗaya, ka watsa sau ɗaya ka huta.

Sai dai maganin bai san aboki ba. Kuloba ma mai faɗin ganye ne, don haka yana mutuwa tare da sauran. Tun da ba yadda za a yi a kashe sauran a bar shi, sai aka sauya masa matsayi: daga abin da ake saye da kuɗi ya koma cikin jerin hakukuwan da ake tallar kashewa. Da kuloba ya tafi, naitirojin ya tafi, ciyawa ta yi rawaya, dole a sayi taki. Takin kuwa ya yi araha, domin masana'antun da suka yi ta sarrafa naitirojin don haɗa bama-bamai sun koma yin takin zamani bayan yaƙi. Taki mai yawa ya sa ciyawa saurin tashi da yawan ƙishirwa, sai a ƙara ruwa, a ƙara yanka. Mai gida yana son ya rage wa kansa aiki, sai ya aske ta har ƙasa. Ciyawar da aka aske har ƙasa saiwarta ba ta nisa, da zafi ya taso sai ta bushe ta bar faci-faci. A facin nan haki ke tsirowa, a sake komawa kanti a sayo magani. Garin neman ƙiba aka samo rama, kuma shekara da shekaru ana wannan zagaye.

Asarar ba ta tsaya a aljihu ba. Takin da ciyawa ba ta sha ba, ruwan sama ya wanke shi zuwa magudanai, daga nan sai tafki. Sinadarin fosfaras da ke ciki ya ciyar da gansakuka, ta rufe ruwa, kifi ya rasa iska. Jihar Minnesota, wadda ke alfahari da yawan tafkunanta, ita ce ta fara taƙaita sa takin fosfaras a filayen ado, dokar ta game jihar baki ɗaya a 2005: ba a sa shi sai ga sabuwar shuka, ko idan gwajin ƙasa ya nuna ana bukatarsa. A Kanada, wani ƙaramin gari mai suna Hudson a lardin Quebec ya hana feshin magani don ado tun 1991. Kamfanonin feshi suka kai ƙara, shari'a ta je har Kotun Ƙoli, a 2001 ta ba garin gaskiya. Lardin Ontario ya kafa tasa dokar a 2009. Da aka ƙwace wa mutane gwangwanin feshi, dole suka koma tambayar da ya kamata a fara da ita: me ya sa hakin ya zo tun farko?

Amsar tana nan a ajiye tun 1856. A Rothamsted, arewa da Landan, John Lawes da abokin aikinsa Henry Gilbert sun ɗauki wata tsohuwar makiyaya suka yanka ta gida-gida. Wani gidan suka bar shi ba taki, wani suka ba shi naitirojin, wani fosfaras da fotash, wani takin dabbobi. Ba su huɗe ba, ba su shuka sabon iri ba, ba su yi noma ba. Taki kawai suke zubawa, su yanke ciyawar kowace shekara su auna. Har yau ana ci gaba da wannan gwaji, kuma wanda ya je wurin a farkon lokacin zafi zai ga iyakar kowane gida da idonsa, a miƙe sambal, ba tare da shinge ba. Taku ɗaya ya raba gidan da ke cike da furanni iri-iri da wanda ba komai a ciki sai dogayen ciyayi. Gidan da ba a taɓa ba shi taki ba yana ɗauke da tsirrai kusan iri 40. Inda aka ba da fosfaras da fotash ba naitirojin, dangin kuloba ne suka yi yawa. Inda aka ba da naitirojin, ciyawa ta danne masu faɗin ganye. Inda kuwa aka yi ta zuba takin amoniya ba tare da farar ƙasa mai kashe tsami ba, ƙasar ta yi tsami har ta kai iri biyu ko uku kacal ke iya rayuwa a wurin.

Iska tana kai iri ɗaya ga dukkan gidajen, tsuntsaye ma haka. Abin da ya bambanta shi ne halin ƙasar, kuma ita ce ke zaɓen wanda zai zauna. Gwajin ya nuna cewa taki yana iya taimakon ciyawa ta rinjayi haki, ya kuma nuna cewa idan ya wuce kima yana lalata ƙasar da aka zo gyarawa.

A kan wannan fahimta aka gina shawarar da sassan wayar da kan manoma na jami'o'in Amurka ke bai wa magidanta a yau. Abu na farko, ka tsaya ka karanta hakin, domin kowanne da labarin da yake bayarwa. Kuloba ya yi yawa, ƙasar tana ƙarancin naitirojin. Wasu hakukuwa masu kwanciya a ƙasa suna son wurin da ƙafa ta tattake ya zama daɓe. Aya, ita dai ayar da muke ci muke yin kunu da ita, a can mugun haki ce, kuma ta fi son inda ruwa ke kwanciya. Akwai kuma babban abokin gabarsu, wani haki ɗan uwan harƙiya da acca, wanda tushe ɗaya kan zubar da iri dubbai. Irin nasa yana son haske da ɗumi kafin ya tsira, shi ya sa ba ya samun ta cewa sai inda ciyawa ta yi sako-sako ko aka aske ta da yawa. Bayan karatun ido sai a ɗebi ƙasa a aika ɗakin gwaji, a san tsaminta da abin da ta rasa. Ciyawar ado ta fi son awon tsami tsakanin 6 da 7. Idan ya sauka ƙasa da haka sosai, sai an zuba farar ƙasa kafin taki ya yi cikakken aiki.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, idan rabin filin ko fiye ciyawar kirki ce, ba a tayar da shi, ƙara masa iri ake yi. Lokacin aikin kuwa shi ne ƙarshen zafi, domin ƙasa tana da sauran ɗumi, iska ta yi sanyi, ɗan uwan harƙiyar nan kuma yana dab da mutuwa da sanyin farko. Wanda ya shuka a Afrilu ko Mayu, ya haɗa jaririyar ciyawa kokawa da haki a lokacin da hakin ya fi ƙarfi.

Ranar aiki, mai gida zai yanke tsohuwar ciyawar gajere, wannan karon kaɗai, ya bi da manjagara ya kwashe matattun ganyen da suka yi kirtani a ƙasa. Sai ya tura injin huda, wanda ke zaro ƙasa guntu-guntu, kowanne tsawon ɗan yatsa, ya bar su warwatse a sama. Filin zai yi muni a ranar, amma ramukan nan su ne hanyar iska da ruwa zuwa saiwa. Sannan ya yafa iri, rabi yana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa, don kada wani wuri ya yi cunkoso wani ya rasa. Ya sake bi da bayan manjagara a hankali, domin irin da ya rataye a kan ganye bai taɓa ƙasa ba abincin tsuntsu ne. Ya rufa da ɗan ruɓaɓɓen taki, siriri, yadda ana iya hango ƙasar. Daga nan sai yayyafi kullum, sau ɗaya ko sau biyu, ba a bari saman ƙasar ya bushe, ba a kuma bari ruwa ya gudu da iri. Wani irin kan tsira cikin mako guda. Wanda suke kira ciyawar Kentaki, wadda asalinta daga Turai baƙi suka zo da ita, takan kai mako uku ko fiye, kuma a nan ne masu gajen haƙuri ke cewa iri ya mutu su daina ban ruwa.

Taki ana ba shi da awo. Abin da aka saba shi ne kimanin rabin kilo na naitirojin ga murabba'in mita 100 a zubi ɗaya, wato kilo ɗaya da 'yan kai idan yuriya ce. Fiye da haka ƙona ganye yake yi, ragowar kuma ta bi ruwa. Maganin feshi ba shi da wuri a wannan mataki: wanda ke hana irin haki tsirowa yana hana na ciyawa ma, wanda ke kashe mai faɗin ganye kuma sai sabuwar ciyawa ta sha yanka sau uku ko huɗu kafin ta iya jure shi. Ko a lokacin, tushe-tushe ake bi, ba a yi wa fili duka wanka.

Abin da ya rage shi ne wanda ya fi sauƙi, ya kuma fi wuyar karɓuwa: a ɗaga wuƙar inji. Ciyawar da aka bari ta kai santimita 7 zuwa 10 tana yi wa ƙasa inuwa, irin haki ya rasa hasken da zai tsira, saiwarta kuma ta nutsa neman ruwa. Ba a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda. Abin da aka yanke a bar shi nan ya ruɓe, yana mayar wa ƙasa kusan rubu'in naitirojin da take bukata a shekara. Ban ruwa ya koma jefi-jefi amma mai ratsawa, kimanin santimita biyu da rabi a mako. Filin da ya lalace ba ya dawowa a shekara ɗaya, yakan ɗauki biyu ko uku. Kuloba kuwa ya dawo kasuwa, ana sayar da irinsa a buhu kamar da, kuma tun 2019 jihar Minnesota take tallafa wa magidanta su shuka irin waɗannan furanni saboda ƙudan zuma.

Akwai wurin da gyara ba ya yiwuwa, domin tun farko ciyawar ba ta wurin ba ce. A 2021 jihar Nevada ta kafa dokar da ta wajabta cire ciyawar da ba ta da wani amfani sai ado a bakin tituna da harabar ofisoshi a yankin Las Vegas, saboda kogin Colorado da suke sha yana ja da baya. A kudancin Amurka mai zafi kuwa, ciyawar da ta riƙe filayen ƙwallo ita ce wadda suke kira ta Bamuda, wato kiri-kirin nan da ke yaɗo a fadamunmu. Wani masani mai suna Glenn Burton ya yi shekaru yana inganta ta a garin Tifton na jihar Georgia, a 1960 aka fitar da nau'in Tifway, wanda ba ya yin iri, dasa shi ake yi. Duk mai kula da filin makaranta ko na ƙwallo a ƙasar Hausa da ke sha'awar buhun irin ƙasashen sanyi, ya sani zafin Afrilu ba zai bar masa ko tushe ɗaya ba, alhali wadda za ta jure tana bakin rafi.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manomanmu sun san haka game da wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji: gonar da ta gaji ita take ci. Masana sun gano dalili. Idan dawa ko gero suka rasa abinci, musamman fosfaras da naitirojin, saiwarsu kan ƙara fitar da wani sinadari a cikin ƙasa, shi ne kuma ke tayar da irin wuta-wuta daga barcin da zai iya kai shi shekara goma ko fiye. Shi ya sa manoman kewayen Kano, da suka daɗe suna jigilar taki daga birni a mangala kan jakuna, suka iya noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu.

Yau maganin feshi ya shiga kowane ƙauye, kuma ba wanda zai musa cewa ya sauƙaƙa noma, musamman da kuɗin ƙwadago ya yi tsada. Amma aikinsa ɗaya ne: ya kashe abin da ke tsaye. Ba ya ƙara wa ƙasa abinci, ba ya sassauta daɓe, ba ya cike gurbin da ya bari, kuma gurbin nan wani hakin ne zai gaje shi. Amurkawa sun yi fiye da shekara 50 da dukiya mai yawa kafin su yarda da haka a kan filin da ba a ci daga gare shi. Mu da muke ci daga namu, ba mu da rarar da za mu maimaita wannan karatu. Duk wanda zai yi kasafin damina, ko na gona ne ko na filin wasan yara, ya fara ware kuɗin iri mai kyau da taki, ya bar wa wake da gyaɗa wurinsu, abin da ya saura sannan ya kai wa mai maganin feshi.